Ɗakin da matata ta zaɓa kusa da ruwa

Daga mai kula da zaure: wani ɗan'uwa ne ya aiko, ya roƙi a sakaya sunansa. Ga shi yadda ya rubuto, ban taɓa komai ba.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, maza da mata. Don Allah ku ba ni shawara, ku kuma yi haƙuri da tsawon maganar, ni ba gwanin rubutu ba ne, a kafen intanet nake zaune bayan na tashi aiki, na sha zuwa in fara in goge. Ba zan faɗi garinmu ba, don mu 'yan gida a nan Doha ba mu da yawa, kowa ya san kowa. Wanda ya gane ni ya rufa mini asiri, Allah ya rufa masa nasa.

Gyaran esi nake yi a wani kamfani da ke kula da dogayen benayen nan da ake ta ginawa a West Bay. Karatuna bai wuce makarantar koyon sana'a ba. Matata kuwa ta yi jami'a, a lab, ɗakin gwaje-gwaje, take aiki a wani ƙaramin asibiti a Al-Sadd, kusa da inda muke haya. Tana ce mini Injiniya, ina ce mata Dakta, dukanmu mun san ba mu kai can ba. Mun ɗan jima da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna, amma tsakani da Allah ban taɓa samun ta da wani abin ƙi ba. Na fara da faɗin haka ne don kada wani ya zage ta idan ya ji sauran.

Hutun da muka samu bana gajere ne, ba zai kai mu gida ba. Sai ta zo da maganar jirgin ruwan yawon buɗe ido, irin mai kama da otal ɗin nan, wanda ke tashi daga Dubai lokacin sanyi ya zaga Maskat da Abu Dabi da Bahrain ya dawo cikin mako guda. Ta ce wata abokiyar aikinta ce ta je bara, ta dawo tana ta ba su labari. Na yi mamaki, don matata ba mai son ruwa ba ce, ko Kornish, wurin shaƙatawa na bakin tekun Doha, muka je shan iska nesa da bakin ruwan take zama. Na ce mata mu da ko kwalekwale ba mu taɓa shiga ba. Ta ce ai shi ya sa, kuma ita za ta ɗauki nauyin tafiyar, ni dai in nemo takardar izinin fita ƙasar daga kafil, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki. Na nemo, ba a ba ni wahala ba.

Muka je wani ofishin masu shirya tafiye-tafiye a unguwarmu. Ejan ɗin ɗan Indiya ne, mai yawan murmushi. Ya shimfiɗa mana zanen jirgin a kan tebur, hawa-hawa, kamar an tsaga shi gida biyu, ya yi mana bayani: akwai ɗakunan ciki da ba su da ko taga, akwai na ƙasa masu 'yar taga da ba ta buɗuwa, sai masu baranda, su kuma daga wajen tsakiyar jirgi suke farawa su yi sama. Ni idona na can sama, don a wurin aiki na saba ganin manya a sama suke zama. Ya ma ce akwai rangwame a wani hawa na sama, kusan kuɗinsu ɗaya da na ƙasa. Matata ta ce a'a, ita mai baranda take so, amma a hawa mafi kusa da ruwa, wai tana tsoron jiri da amai, an ce mata ƙasa ba ya kaɗawa. Ejan ya ce gaskiya ne, to sai ta ɗauki na ƙasa kuma na tsakiya, ba gaba ba baya ba, nan ne ba a jin motsi. Ta sa yatsa a kan wasu zane-zane masu ruwan lemo da ke jere ƙarƙashin ɗakunan tsakiyar, ta tambaye shi mene ne. Ya ce ƙananan jiragen ceto ne a rataye, idan ka leƙa daga baranda rufinsu za ka gani kafin ruwa. Nan take ta fasa tsakiyar. Ta koma can baya, inda shi da kansa ya ce an fi jin kaɗawa da ƙarar inji, ta ce wannan take so.

Sai ta yi masa tambayar da har yau ba ta bar kunnena ba. Ta ce, "Idan abu ya faɗi daga wannan barandar, ruwa zai faɗa kai tsaye, ko akwai abin da zai tare shi?" Ya yi dariya ya ce kai tsaye, amma ta sani doka ce, ko guntun sigari ba a jefawa, shi ya sa ma a hawan sama iska kan dawo da abu ta watsa a barandar wasu a yi ta rigima. Ta ce ita ɗankwalinta take ji wa. Muka yi dariya mu uku, aka rubuta ɗakin.

A hanya na ce mata, mai tsoron jiri ta zaɓi inda aka ce ya fi kaɗawa? Ta ce, "Injiniya, esi ka sani, ka bar mini jirgi."

Daga nan laifina na farko ya fara. Na shiga zarginta. Da farko na ɗauka wani ne a jirgin, ko wani zai bi jirgin, Allah ya yafe mini. Duk lokacin da ta shiga wanka sai in ɗauki wayarta in bi kira in bi saƙo. Ban ga namiji ba, sai lambar wata ƙawarta da ke Gharrafa, matar wani ɗalibi mai karatun digiri na uku, zan kira ta Maman Ilham. Kira a jere, kusan kullum, alhali da sai a yi wata ba su gaisa ba. Na bi ta bayan gida na tambayi mijin, cikin wasa, ya ce ai matan namu sun zama 'yan makaranta, suna zuwa wajen wata malama 'yar Sudan mai ruƙiyya a unguwarsu, ya ɗauka na sani. Na ce na sani mana. Ƙarya nake. Sai zargin ya juya, na ce to ni ake shirya wa wani abu. Duk wanda ya tashi a gida ya san abin da ake cewa, asirin da aka jefa a rijiya ko a kogi ba ya karyuwa, balle teku. Na ce wato mallake ni za a yi, a kai tsakiyar teku a jefa inda ba mai tsamowa. Na daina cin abincinta da daɗin rai, idan ta zuba mini sai na ga ta ci daga kwano ɗaya.

Wata Juma'a tana duti, na dawo masallaci na rufe ƙofa na birkice ɗakin. Cikin 'yar jakar da take zuba man shafawa idan za a yi tafiya, na samu wata safa tawa a ƙulle, da nauyi. Na kwance. Abin da ya fara faɗowa sifanata ce ƙarama, wadda na yi ta nema har na yi wa wani abokin aikina ɗan Nefal rashin mutunci a kanta. An ɗaure wani abu a jikinta da zaren ɗinki, tamau, don ya nutse. Laya ce, jar fata, da baƙin zare a gicciye.

Jama'a, ban buƙaci in tambayi kowa ba. Tawa ce. Ni na karɓo ta da hannuna.

Ga yadda aka yi. Lokacin da aka sa mana rana, abokai suka dame ni, wai na ɗauko abin da ya fi ƙarfina, 'yar boko mai digiri, wata rana sai ta aike ni cefane tana karatun jarida. Wani ya ce da ta fara ɗaukar albashi za ta ga wanda ya fi ni. Abin ya shige ni, don ni ma ina jin haka a raina tun kafin su faɗa, idan tana hira da 'yan ajinsu sai in ji kamar an ajiye ni a bakin ƙofa. Wani abokina ya kai ni wani ƙauye wajen wani mutum. Ban ce a cuce ta ba, Allah shi ne shaida, cewa na yi kada ta raina ni, kada idonta ya ga wani. Ya ba ni layar, ya ce in sa ta inda kayan sawarta suke kwana, kuma in kiyaye, ranar da ta taɓa ruwa aikin ya warware, abin da aka ɗaure ya tafi. Ni na sayo akwatunan lefe. Kafin in kai wa Yayata, wadda ita ta haɗa kayan ta jagoranci kai su, na farke shafin babban akwatin daga ƙasa na tura layar na ɗinke. Yaya ba ta san komai ba. Ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, mace ce da ko maganin gargajiya sai ta tambayi abin da ke ciki. Wannan akwatin shi matata ta zo da shi Doha. Da muka tashi daga tsohon gidanmu watannin baya, masu ɗaukar kaya sun ja shi a matakala har gindinsa ya yage, na tuna ita ta zauna tana gyara shi ina wajen aiki. Ban kawo komai a raina ba, wallahi na ma manta da abin, ko in ce na koya wa kaina mantawa.

Na zauna a bakin gado da sifana a hannu, komai ya fito mini fili. Ba ɗaure ni za ta yi ba, kwancewa za ta yi. Na fahimci dalilin da ya sa ba ta jefa a Kornish ba, can ruwan ba zurfi, ga mutane ga 'yan sanda, kuma kullum tare muke zuwa. Wataƙila an ce mata sai ruwa mai zurfi inda ba a hango ƙasa, ban sani ba, hasashe nake. Na mayar da komai yadda na same shi, har ƙullin safar na kwaikwaya.

Da a ce ni mutumin kirki ne, da ta dawo a ranar na faɗa mata. Ban faɗa ba. Kuma Allah ya kawo mini dama har gida na watsar. Bayan kwana biyu muna cin tuwo, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Wai ni kam, akwatunan lefena wa ya sayo su?" Na ajiye lomar da ke hannuna. Na ce ai kin san lefe harkar mata ce, Yaya ce ta yi komai. Ta ce, "To." Ta ƙara mini miya.

Wannan kalmar da na faɗa ita ta fi komai ci mini rai. Tun daga ranar, idan na sayi kati na kira gida na miƙa mata waya su gaisa da Yaya, sai ta ce hannunta da ruwa, ko ta karɓa ta yi ina wuni ina gajiya ta miƙo mini. Yaya har ta tambaye ni ko ta yi wa amaryarta wani laifi ne, don har yau amarya take ce mata, na ce gajiyar aiki ce. Kwanaki matata ta ce idan Allah ya kai mu gida ba za ta sauka gidan Yaya ba, gidansu za ta wuce. Na yi kamar zan yi faɗa, ta ce ba ta son dogon zance, akwai abin da idan ta faɗa zai raba zumunci, ita kuma ba za ta zama sanadi ba. Ina jin ta ɗauka abin da ya hana mu haihuwa ke nan, don na ga ta daina zuwa ganin likitan da take gani. Ni kuma sai ta ƙara kyautata mini, ta yi mini dambun da nake so, ta goge mini kayan aiki, kamar mai tausayin wanda 'yar'uwarsa ta cuta bai sani ba.

Ko kuwa ta sani? Nan ne kaina yake kullewa. Matata ba wawuya ba ce, aikinta ke nan duba abin da ido ba ya gani. Ɗinkin da na yi wa shafin nan ɗinkin namiji ne, babu macen da za ta yi irinsa, balle Yaya da ke da keken ɗinki. Kuma duk ƙarfen da ke gidan nan, me ya sa sifanata ta ɗauka, me ya sa safata? Wani lokaci sai in ga kamar tambayar lefen tarko ce, ta ba ni igiya ne ta ga ko zan faɗi gaskiya, na kuwa rataye kaina. Ran nan a Kornish tana kallon ruwa ta ce akwai abin da take so ta gani ko zai canza idan mun dawo daga tafiyar nan. Na ce mene ne. Ta dube ni ta ce, "Ƙibata mana, an ce abinci kyauta ne a jirgin." Ta yi dariya, ni ban iya ba. Yanzu ko sannu ta yi mini sai na juya ta a raina. Maman Ilham ma da muka haɗu a wani suna, gaisuwar da ta yi mini sai na ga kamar da wani abu a ciki, wataƙila kuma babu komai, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Saura laifi na ƙarshe, shi ne na wannan makon. Na fita aiki da rana na koma wajen ejan ni kaɗai, na ce ya mayar da mu ɗakin tsakiya, wanda jiragen ceto ke ƙarƙashinsa, ko ya kai mu can sama. Na ce ba-zata nake so in yi wa madam. Ya dube ni yana murmushin nan nasa, ya ce amma madam ta nace a kan wancan. Na ce ni ne mijin. Ya ce khalas, shi ke nan, zai riƙe mini na saman, amma ba zai saki na ƙasan ba sai ranar Alhamis da za a fitar da tikiti, in kira shi kafin azahar in faɗi wanda nake so. Tun da na fito nake zargin zai kira ta, don lambarta ce a takardar. Kuma ban tsaya nan ba, na biya kasuwa wajen masu gyaran takalma na sayi guntun jar fata, da niyyar in ɗinka wata laya irinta in musanya, ta jefa ta bogi hankalinta ya kwanta, ta gasken ta zauna a wurina. Fatar tana cikin akwatin kayan aikina yanzu haka. Ban ɗinka ba, amma ban yar ba.

Na san abin da malamanmu na zauren nan za su ce, kuma gaskiya ne, abin da na yi haramun ne, ya kusanci shirka, na yi istigfari ina kan yi. Idan ka tambaye ni da baki zan ce maka fata da takarda ba sa riƙe aure, Allah ke riƙewa. To amma idan na yarda da haka har zuciya, me ya kai ni ofishin ejan da tsakar rana? Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Tun da muka yi aure ban taɓa sanin ko matar nan ni take so ko ɗaure ta aka yi ba, duk wata dariya da ta yi mini akwai wani gefe na zuciyata da ke cewa ba taka ba ce, ta mutumin ƙauyen nan ce. Ni na jawo wa kaina wannan, ba wanda ya yi mini. Yanzu ga ranar da zan sani ta zo, ni kuma ina neman hanyar da zan toshe ta.

Idan na yi shiru na bar ta ta jefa, wataƙila mu dawo lafiya, amma Yaya za ta ɗauki laifin da ba ta ji ba ba ta gani ba har ta mutu, kuma idan matata ta riga ta sani, to ta gama auna ni. Idan na canza ɗakin ko na musanya layar, na ƙara ƙarya a kan ƙarya, kuma na san ba za ta haƙura ba, wata hanyar za ta nema. Idan na faɗa mata, mace ce mai sanyi amma idan ta yanke magana ta yanke, tana da aikinta, ba ta buƙatar komai a wurina, za ta iya cewa duk zaman da muka yi a kan yaudara aka gina shi, kuma ban san da wane baki zan musa ba. Wani abokina da na ɗan gutsura wa zancen ba tare da na ce ni ne ba, ya ce mai wannan matsala ya bari sai suna kan barandar, ya ce mata kawo in jefa da hannuna. Na ga kyan maganar, amma kuma sai na ga kamar wayo ne, ka kai mace tsakiyar teku inda ba ta da gidan ƙawa balle na uwa, sannan ka faɗa mata abin da ka san zai sa ta so ta bar maka ɗakin.

Ba na neman wanda zai ce mini ba komai, da komai. Abin da nake roƙo, musamman daga iyayenmu mata da yayyenmu na zauren nan, ku sa kanku a matsayinta ku faɗa mini gaskiya ko da zafi. Idan ke ce, kin fi so ki ji tun a nan Doha, ƙafarki a ƙasa, kina da inda za ki idan ranki ya ɓaci, ko da hakan zai sa a fasa tafiyar, a fasa har abin da ya fi tafiyar? Kuma ta ina mutum yake fara irin wannan magana, ta wanke Yaya ko ta kansa? Jibi ne Alhamis, ejan ɗin nan yana jiran wayata kafin azahar, kuma ban so in ce masa na ƙasa ko na sama alhali ban ce wa matata komai ba. Don Allah wanda zai amsa ya amsa yau ko gobe, zan dawo kafe in duba.